Rabin Makullin Baba

Shafi na 23

Masu cewa na ɓuya, ga ni. Ke kuma da kika turo saƙo sau tara kina tambayar ko wayata ce ta faɗa ruwa, lafiyarta ƙalau. Ku gyara zama, yau Auta ce da bakinta, kuma ranta a ɓace yake.

*

"Ba zai yiwu ba, Barista," mai gyara ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ka daina ce min Barista, ko ƙofar makarantar ban taka ba. Mene ne ba zai yiwu ba?"

"Abin da kike so. A bar Linux ɗin yayanki a zaune, a sa Windows a gefensa. Babu wuri."

Na ja kujerar roba na zauna. Shagon nasa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene, wayoyin caja sun sarƙe a jikin ƙusa, fanka sai ƙara take ba iska. Laftof ɗin marigayi Babanmu yana buɗe a kan teburinsa.

Yau Laraba. Gobe Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma makarantar koyon aikin lauya za ta rufe rajistar kwamfutoci. Kowane sabon ɗalibi sai ya sa manhajar jarrabawarsu a laftof ɗin da zai yi shekarar da shi, ya yi gwaji, ya tura musu. Wanda bai tura ba, gurbinsa ya koma ga na bayansa. Manhajar kuwa ba ta hawa Linux, wato tsarin da laftof ɗinmu ke aiki da shi, da jan rubutu ma suka rubuta. Aro ba ya yi, don wanda ka yi rajista da shi, da shi za ka zauna kowace jarrabawa. Sabo kuwa, a gidanmu ko a mafarki.

Sati uku ina bin Yaya, shi da ya sa wa Baba Linux ɗin tun farko. Sati uku yana min yawo da hankali. Yau ya ce zai yi dabara, gobe ya ce ya kusa. Shi ya sa da safen nan yana fita aiki na sunkuci abina na taho nan.

"To a goge Linux ɗin," na ce. "Na haƙura."

Na faɗa ne kawai, amma wallahi ba daɗi na ji ba. Shekara biyar da shi na yi karatun digirina. Na san inda komai yake, ido a rufe ma zan lalubo. Tsohon laftof ne, amma bai taɓa tsaya min ana tsakiyar aiki ba.

"Gogewa ba wuya," ya ce. "Minti arba'in. Sai dai ki sani, tsoho ne, zai ɗan yi nauyi da sabon. Kin kwashe kayanki?"

"Tun jiya. Suna cikin filashi."

"Duka?"

"Duka mana."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya juyo min da fuskar laftof ɗin, ya nuna wani dogon layi da bakin biro.

"Wannan ɗan guntun shi ne naki. Wannan babban fa, na waye?"

"Wane babba?"

"Kashi uku cikin huɗu na cikin laftof ɗin nan a kulle yake. Ɗaki ne guda aka ware aka sa masa kalmar sirri. Shi ya cinye wurin."

Na saki baki ina kallonsa.

"Ni ban san da wani ɗaki ba."

"To akwai shi, kuma a cike yake."

"Me ke ciki?"

Ya yi dariya. "Da na sani ai da ba a ce masa kulle ba."

"Ka kwafe shi a wani wuri, sai ka goge."

"Zan iya kwafe shi a rufensa. Amma wanda ya yi aikin nan ya ɗaure makullin da jikin laftof ɗin. In na taɓa tsarin, ban ɗaukar miki alkawarin zai sake buɗuwa ba, ko da kalmar a hannunki. Ni ba na cin amanar kayan mamaci. Ki je ki nemo mai makulli, a buɗe, a kwashe, sannan ki dawo."

"A canza abin ajiyar gaba ɗaya fa?"

"Irin wannan a like yake da allon ciki. Ba ya cirowa."

Na yi tsaki, na rufe laftof ɗin da ƙarfin da ya sa mai gyara ya ce "A hankali dai!" Na cusa shi a jaka na fito. Mutum ɗaya ne a duniya zai yi wannan ƙulle-ƙullen, kuma uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

*

A falo na same shi, ya dawo cin abincin rana, katin wurin aikinsa na rataye a wuya. Umma tana gefen taga tana ninke kayan wanki.

Na dire laftof ɗin a gabansa, har cokalinsa ya yi tsalle.

"Ke lafiyarki? Ina kika kai shi?"

"Wurin mai gyara."

Ya ajiye cokalin. "Auta, me na ce miki? Ban ce kar wanda ya taɓa shi ba?"

"Ka ce. Ka kuma ce za ka yi dabara. Ina dabarar?"

"Ina kai. Akwai hanyar da za a sa Windows ya yi aiki daga cikin Linux…"

"Ka gwada ranar Asabar, manhajar ta ƙi. Ka gwada ranar Litinin, ta ƙi. Makarantar ma ta rubuta ba ta yarda da hakan ba. Sai kuma me?"

"Ke ba ki san darajar abin da ke hannunki ba. Shekara nawa, kin taɓa jin ƙwayar cuta ta shige shi? Kin taɓa sayen wata manhaja? Mutane na neman 'yanci, ke kina neman…"

"Yaya, don girman Allah ka ajiye min wa'azin nan. Na haddace shi. Ba zaɓen shugaban ƙasa nake yi ba, jarrabawa zan rubuta."

"Ki rubuta musu wasiƙa, ki ce su gyara manhajarsu."

"Ni? Ɗalibar da ko lambar aji ba a ba ta ba? Zuwa gobe ƙarfe huɗu?"

"Ku rage murya," Umma ta ce, ba ta daina ninkin ba.

Na ja numfashi. Na dube shi ido cikin ido.

"Ɗakin da ka kulle a ciki, na mene ne?"

Nan take ya sha jinin jikinsa. Yayan da ba a taɓa kayar da shi a musu ba, sai ga shi yana kallon faranti.

"Wane ɗaki?"

"Kar ka raina min hankali. Na gani da idona. Ashe ba son Linux ne ya hana ka barci ba, ɓoye-ɓoye kake. Sati uku kana kallona ina safa da marwa, ina kuka a banɗaki, kai kuma ka san dalili ka yi gum!"

"Ba nawa ba ne."

"Na waye?"

"Na Baba ne."

Na lura hannun Umma ya tsaya a kan rigar da take ninkewa.

"Shi ya sa ni na yi masa," Yaya ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara biyu kafin rasuwarsa. Ya ce yana son wurin da ko ɓarawo ya sace laftof ɗin, ko an ciro cikinsa, ba mai iya gani. Na yi masa iya ƙwarewata. Da na san haka za ta faru da ban tsaurara ba."

"To ka buɗe, mu kwashe, in koma wurin mai gyara kafin ya tashi."

"Ba zan iya ba."

"Kai da ka kulle?"

"Rabin kalmar ce kawai a wurina."

Na yi dariyar da ba ta daɗi ba. "Rabi? Kalmar sirrin ce ake rabawa kamar gado?"

"Kin manta waye Baba?"

Ban manta ba. Shekara talatin da ɗaya Baba yana tafinta a kotu, yana tsaye tsakanin alƙali da mutanen da ba sa jin harshen da ake shari'a da shi. Kotun nan ta bi shi har gida. A gidanmu ko kofi aka fasa, Baba ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, sai an kawo shaida na biyu. Makullin akwatin takardunsa ma kwaɗo biyu ne, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin Umma.

"Ya sa na buga rabin farko, nawa," Yaya ya ce. "Sannan ya ce in fita in ja ƙofa. Ya buga sauran shi kaɗai. Ya ce ya ba wa shaida na biyu."

"Waye shi?"

"Bai faɗa min ba. Wata goma ke nan ina zaton ke ce."

"Ni?"

"Ke ce 'yar gaban goshinsa. Ke ce mai karatun shari'a. Na yi ta jira ki zo ki ce min, Yaya ga nawa, kawo naka. Da na ga kina ta maganar a goge, sai na ɗauka kin san abin da ke ciki, so kike ya ɓace."

Haushi ya turnuƙe ni har na rasa ta inda zan fara.

"Wato wata goma kana zargina, ba ka iya buɗe baki ka tambaye ni ba? Gida ɗaya muke kwana! Da ka yi magana tun ranar da takardar makaranta ta zo, da yanzu…"

"Ya ce kar in tambayi kowa. Ya ce mai rabin zai zo da kansa."

"Kai kuma ka zauna kana jira har gurbina ya tafi!"

"Me kike so in yi? In goge abin da ubana ya ba ni amana?"

"Ni kuma in zauna a gida shekara guda saboda ɗakin da ba wanda ya san abin da ke cikinsa? Wataƙila ma hotunan bikin suna ne!"

"Ba hotuna ba ne."

Ba Yaya ne ya faɗa ba. Umma ce.

Muka juya gaba ɗaya. Ta ajiye rigar a kan cinyarta, ta shafe ta da tafin hannu sau biyu.

"Ki daina yi wa yayanki ihu. Ba ke ba ce shaida na biyu. Ni ce."

Yaya ya miƙe tsaye. "Umma? Ke? Duk waɗannan watannin?"

"Zauna."

Ya zauna.

Ni kuwa wani sanyi ne ya ratsa ni, na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na durƙusa a gabanta na jawo laftof ɗin.

"Alhamdu lillahi! To shi ke nan ai. Yaya, buga naka. Umma, ki faɗo naki. Kafin la'asar mun gama."

"Ba zan faɗa ba."

"Na'am?"

"Rantsuwa ya sa na yi. Ba zan ba da ita ba sai ranar da kika zama lauya, aka rantsar da ke, na gan ki da idona cikin baƙar riga."

Na dafe kai da hannu biyu.

"Umma, ki saurare ni da kyau. Ba zan zama lauya ba sai na shiga makarantar nan. Ba zan shiga ba sai an canza tsarin laftof ɗin nan. In aka canza, ɗakin ya tafi. Kin ga inda Baba ya ɗaure mu?"

"Shi bai san za su zo da wata manhaja ba."

"To ai shi ya sa! Bari ma, ya aka yi rantsuwar? Cewa ya yi kar ki ba ni, ko? To kar ki ba ni. Ni zan fita waje. Ki faɗa wa Yaya."

"Ya ce kar in furta wa kowa."

"Ki rubuta a takarda."

"Ya ce kar in rubuta."

"To ki danna da hannunki, mu juya baya!"

"Ba zan furta ba, ba zan rubuta ba, ba zan danna ba, ba zan yi nuni ba. Haka ya sa na maimaita sau uku." Ta ɗan murmusa, idonta ya kawo ruwa. "Ya ce 'yarsa lauya ce tun tana zanen goyo, in ya bar ƙofa ko ta allura ce sai ta bi ta ciki."

Yaya ya kawar da kai. Ni ban san lokacin da na daki kujera da hannu ba.

"Wannan ai zalunci ne! Yana kabari yana juya mu! Ni na gaji, wallahi na gaji. Yaya, ɗauki makullin mashin ka kai ni. A goge. Allah ya ji ƙan Baba, amma ni ce a raye."

"Ba ke kaɗai ba ce a raye," Umma ta ce.

"Me kike nufi?"

Ta dubi ƙofa, ta dubi Yaya, sannan ta dawo da idonta kaina.

"Rantsuwar a kan kalmar ce. Bai hana ni faɗin abin da ke ciki ba, ni ce na hana kaina. Ku matso."

Muka matsa.

"Shekara goma sha tara da suka wuce, kina 'yar shekara huɗu, an yi wata shari'ar kisa. Wani direban babbar mota ake tuhuma. Aka kawo wata tsohuwa shaida, Babanku ne ke fassara. A tsakiyar maganarta ta ce ta ga direban a wani wuri daban a daidai lokacin da aka yi kisan."

"To?"

"Babanku bai fassara wannan ba. Ya tsallake."

"Mantawa ya yi?"

"Da gangan. Kwana biyu kafin zaman, wasu mutane sun tare shi a hanya. Suka faɗa masa makarantar da yayanki yake, da lokacin da ake tashinsu. Ba su ƙara komai ba."

Yaya ya ce, "Inna lillahi."

"Aka yanke wa direban ɗaurin rai da rai. Tsohuwar ta rasu bayan shekara biyu. Tun daga ranar Babanku bai sake cin abinci ya ƙoshi ba, ku dai kuna ganin kamar ciwon ciki ne."

Baba. Mutumin da ya taɓa mayar da ni shago da ƙafa saboda an ƙara min alawa ɗaya bisa kuskure.

"Me ke cikin ɗakin?" na tambaya.

"Komai. Shekaru ya yi yana tarawa. Takardun shari'ar da ya ɗauka a hoto shafi-shafi. Sunayen mutanen da suka tare shi. Da shi kansa, ya zauna gaban laftof ɗin nan ya faɗi abin da tsohuwar ta ce da abin da shi ya ce, ya yi rantsuwa a kai. Ya ce lauyan waje zai iya sayar da maganar, ko ya ji tsoro kamar yadda shi ya ji. Ya ce jininsa ne ya ɓata, jininsa zai gyara."

"Direban fa?"

"Yana nan a gidan yari. Ni ko sunansa ban sani ba, Babanku bai taɓa faɗa a gabana ba. Sunan yana cikin ɗakin da aka kulle."

Na kalli laftof ɗin. Tun safe nake jifa da shi kamar tsohon takalmi.

In na goge, na shiga makaranta, in zama lauyar da ba ta san wanda aka ce ta fitar ba. In na bari, gurbina ya tafi, mutumin ya ƙara shekara a kan goma sha tara, ni kuma ba tabbas a sake ɗaukata. Ta ko'ina na juya, bango ne.

Na kama hannun Umma.

"Umma, ki karya rantsuwar. Ki yi kaffara, ni zan taya ki azumin. Duk malamin da kika tambaya zai ce miki ran mutum ya fi. Baba so yake a fitar da bawan Allahn nan, ba so yake a binne shi da kalma ba."

"Gaskiya ta faɗa, Umma," Yaya ya ce. Karon farko ke nan a sati uku da bakinmu ya zo ɗaya.

Ya jawo laftof ɗin, ya kunna, ya shiga wani baƙin shafi da ban taɓa gani ba. Ya buga nasa rabin. Ya juya mata shi, ya ɗora a kan kayan wankin da ke cinyarta.

"Bismillah, Umma."

Ba ta taɓa ba.

"Umma, ƙarfe biyu ta wuce," na ce. "Mai gyara shida yake rufewa."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Kun ɗauka ban yi tunanin karyawa ba? Tun ranar da takardar makarantarki ta zo nake son in kira ku."

"To me ya hana ki?"

"Harafi takwas ne da lamba huɗu. Ya hana ni rubutawa, sai na riƙa maimaitawa a zuciyata kullum bayan sallar asuba. Ban taɓa fashi ba, har ranar da aka fita da shi. Sai zazzaɓin nan da ya kwantar da ni bayan na fita takaba, kwana tara ban san inda kaina yake ba."

Na saki hannunta.

"Umma…"

"Haruffan suna nan," ta ce, tana kallon hannunta. "Lambobin ne, Auta. Na tashi na neme su, babu."